Beetle, Fijo 404 da 504: Abin da Lambobin Inji Ba Sa Faɗa a Sakkwato

Matashin da zai sayi waya yau da lambobi yake farawa: RAM nawa, kyamara megafiksel nawa. Kakanninsa ma sun yi irin wannan musu a kan motoci, kuma yadda musun ya ƙare ya isa ya sa mai saye ya sake tunani kafin ya zaro kuɗinsa.

A takarda, Volkswagen Beetle ce kurar baya. Samfurin 1200 yana da ƙarfin doki 34 kacal, gudunsa bai wuce kilomita 115 a awa ba. Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, tana da inji mai cc 1618 da ƙarfin doki 72. Ƙanwarta 504 ta zo a 1968 da cc 1796 da ƙarfin doki 82, tana haura kilomita 150 a awa, har ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969.

Duk da haka, Beetle ɗin da ta fi su rauni an ƙera sama da miliyan 21 kafin a daina a 2003. Injinta yana baya, iska ce ke sanyaya shi. Babu lagireto, don haka babu ruwan da zai tafasa a hanya. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibinta shi ne ƙofa biyu da matsattsen wurin kaya.

Nan Fijo ta yi mata fintinkau. Doguwar 504 tana da layi uku na kujeru, ƙasanta a ɗage yake, tana shanye gargada. Ita ce ta yi shekaru tana jigilar fasinja daga Sakkwato zuwa Illela, Gusau da Kano. A 1975 ta lashe gasar Safari ta Kenya, kuma a shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Wannan na biyun ne ya fi amfanar direban tasha: kayan gyara suka wadata, kusan kowane bakanike ya san kafiretonta. Gudun kilomita 150 kuwa, da wuya hanya ta ba shi damar gwadawa.

Don haka wanda ya ce ƙarfin doki ne ya ɗaukaka 504 bai fahimci lamarin ba. Juriya da sauƙin gyara ne suka ɗaukaka ta.

Mai sayen waya a Sakkwato ya yi tambayoyin direban tasha. Batirin yana jure zafin Afrilu? In gilashin ya fashe, akwai shi a kasuwa, kuma nawa ne? Mai gyaran unguwa ya taɓa buɗe irinta? Wayar da sai an aika Legas neman kayanta, komai yawan lambobinta, a aljihun tebur za ta ƙare.