Laifin Firinta Ne Ko Na Allon Kwamfuta?

Ina so in kawo muku wani abu da ya faru a gidanmu lokacin hutun Babbar Salla, domin na sha jin ana zagin firinta a kan laifin da ba nata ba.

Yayana ya ci bashi wajen kawunmu ya sayi ƙaramar firinta mai launi, da niyyar ya riƙa buga wa mutanen unguwa hotunan Salla da na biki. Hoton Inna aka fara bugawa, tana sanye da shuɗiyar atamfarta. A allon kwamfuta hoton ya yi kyau ƙwarai. Amma da ya fito a takarda sai shuɗin ya koɗe, fuskarta kuma ta yi duhu. Inna ta duba ta ce, "Kai, wannan ai ba ni ba ce, kakarku ce." Kowa ya yi dariya ban da Yaya, saboda bashi yana wuyansa. Ya rantse gari na wayewa zai mayar wa mai shago kayansa.

Ni dai a ganina firinta ba ta cuce shi ba. Allon ne ya yi masa daɗin baki. Malaminmu na Fizik ya taɓa koya mana cewa allon kwamfuta ko na waya fitila ne, hasken kansa yake fitarwa, daga 'yan ɗige-ɗige masu launi uku: ja da kore da shuɗi. In ukun suka haɗu da ƙarfi sai a ga fari. Tun a 1861 wani masani mai suna Maxwell ya nuna wa mutanen Landan hoto mai launi ta hanyar haɗa waɗannan haskoki uku. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, sai wanda rana ko ƙwan lantarki ya ara mata. Tawada rage wannan haske take yi, ba ƙarawa ba. Firinta irin ta Yaya da tawada huɗu take aiki, wato shuɗi mai ruwan sararin sama, da jan garura, da rawaya, da baƙi. Akwai shuɗi da kore masu walƙiya waɗanda allo ke iya nunawa, amma ko me za a yi waɗannan huɗun ba za su kai su ba. To, yaya za a ce takarda ta yi tsere da fitila?

Saboda haka na roƙi Yaya ya ba ni kwana biyu. Ya harare ni ya ce, "Ɗan boko, in ka ƙarar mini da tawada kai za ka biya."

Abin da na fara yi shi ne na ɗauki farar takarda na riƙe a gefen allon, na yi ta rage haskensa har farinsa ya yi kusa da farin takardar. Nan take hoton Inna ya yi duhu a allon ma, kamar yadda ya fito a takarda. Ashe duhun yana cikin hoton tun farko, hasken da Yaya ya ƙure ne ya ɓoye shi. Sai muka ƙara wa hoton kansa haske. Wannan kaɗai ya gyara rabin matsalar.

Sai takarda. Yaya a takardar rubutu ya buga, ita kuwa shanye tawada take yi kamar yadda rairayi ke shanye ruwa. Takardar hoto mai sheƙi tana riƙe tawadar a samanta. Kuma ba ya isa a saka ta kawai, dole a shiga saiti a gaya wa firinta irin takardar da aka ba ta, don da wannan take auna yawan tawadar da za ta fesa. A cikin saitin na bar launi a kan ma'aunin sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fito da shi a 1996 domin na'urori su yi magana da baki ɗaya. Na kuma buga shafin gwaji, na tarar wasu kafofin rawaya sun toshe, muka sa ta wanke kanta. Zafi da daɗewa ba a yi bugu ba suna busar da tawada a bakin kafofin. Hoton da aka turo ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi, gara a turo shi a matsayin fayil.

Wani abokina a ɗakin kwananmu ya ce duk wannan wahalar banza ce, tun da hotuna suna cikin waya. Ban yarda ba. Wayar Baba ta ɓata bara da hotunan sunan ƙanwata a ciki, amma hoton kakanmu baƙi da fari yana nan rataye a zaure.

Takarda shida muka ɓata. Ta bakwai muka fita da ita tsakar gida da hantsi, domin ƙwan ɗakin Yaya rawaya-rawaya yake, yana rina komai. Shuɗin atamfar bai kai na allo ba, na kuwa gaya wa Yaya kada ya yi wa masu kawo aiki alkawarin zai kai. Amma da Inna ta ɗora hoton a kan atamfar kanta, sai ga su kusan ɗaya. Ta ce a nemo mata firam. Ranar da zan dawo makaranta Yaya ya kai wa Kawu kashin farko na kuɗinsa, ni kuma ya cire kuɗin takarda shida daga cikin guzurina.