Idan Babban Yaron Shago Ya Ce "Ba Haka Muke Yi Ba"



Makon jiya wani ɗan ƙungiyarmu mai sana'ar tumatir a kasuwar Mile 12 ya kawo min kuka. Ya kashe kuɗi ya sayi akwatunan roba domin a daina yi masa lodi a kwando, ganin yadda kwandunan ƙasa suke isowa Legas a dagargaje bayan doguwar tafiya daga Arewa. Babban yaronsa, wanda suka haura shekara 20 tare, ya jibge akwatunan a bayan rumfa. Hujjarsa ita ce wani ɗan boko ne ya kawo shawarar, wanda bai taɓa ɗaga kwando ba.

Alhajin yana ganin taurin kai ne kawai. Ni ina ganin tsoro ne, kuma ba a kasuwarmu aka fara ba.

A 1982 kamfanin motoci na General Motors ya rufe masana'antarsa da ke Fremont a jihar Kaliforniya ta Amurka. Ma'aikatan wurin sun yi ƙaurin suna wajen yajin aiki da fashin zuwa aiki, motocinsu kuma cike da aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota ta Japan, kuma akasarin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne. Toyota ba ta tara su ta yi musu lacca ba. Ta kwashi rukuni-rukuni daga cikinsu zuwa Japan, suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Japanawa. A can suka ga ƙaramin ma'aikaci yana jan igiya a tsayar da layin haɗa mota idan ya ga kuskure, ba a kore shi ba, taimaka masa ma ake yi. Aka kuma yi musu alkawarin ba za a riƙa sallamarsu da zarar ciniki ya ja baya ba. Ba a daɗe ba ingancin motocin Fremont ya kusa kamo na Japan.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da General Motors ya so kai wannan tsari sauran masana'antunsa, sai aka tirje. A Van Nuys, duk a Kaliforniya, ma'aikata suna zargin dabara ce ta rage su, manajoji kuma ba sa son a tsayar da layi, tunda da yawan motoci ake auna ƙoƙarinsu. Aka rufe wurin a 1992. Kamfanin ya ɗauki shekaru kafin ya koyi abin da ke cikin gidansa, har ya durƙushe a 2009 sai da gwamnati ta ceto shi. Ba wannan kaɗai ya kayar da shi ba, amma yana ciki.

Mu dawo kan yaron Alhaji. Darajarsa a kasuwa ita ce ya dubi kwando ya faɗi kuɗinsa. Akwatin roba ya zo da awo iri ɗaya, yaro ɗan bana ma zai iya lissafinsa. Me ya rage masa? Kuma a yi adalci, wasu ƙorafe-ƙorafensa gaskiya ne: dillalai da masu saye sun saba da cinikin kwando, sannan akwatin dole a mayar da shi Arewa ba komai a ciki, wa zai biya kuɗin motar? Ba a tambaye shi ba, kawai ya wayi gari ya ga kaya.

Irin wannan ya faru da mu a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira. Rumfunan da suka ƙi karɓar tiransifa sun zauna suna kallon maƙwabta na ciniki, kuma a wurare da dama ba maigida ne ya ƙi ba, yaran da kuɗi ke bi ta hannunsu ne.

Shawarar da na ba Alhaji ita ce ya tura yaron nan rumfar da ke amfani da akwatunan ya yi mako guda, sannan a raba lodi ɗaya biyu, rabi kwando rabi akwati, shi da kansa ya ƙirga asarar kowanne. Ya kuma faɗa masa a gaban sauran yara cewa shi zai kula da sabon tsarin, kuma ihisaninsa ba zai ragu ba.

Na sa maganar cikin ajandar taronmu na ƙarshen wata. Duk wanda ya gwada akwatunan, ko ya ci riba ko ya faɗi, don Allah ya zo da lissafinsa, ya kuma taho da babban yaronsa.