Anini Mai Huji Da Cinikin Biri A Sama

A unguwar Manawashi ta cikin garin Gombe, kamar sauran unguwannin biranen Arewa, ba a rasa mutumin da Allah ya ɗora wa son tara wani abu. Wani tantabaru yake tarawa, wani kayan doki, wani kan sarki na tsofaffin wasiƙu. Wani kuwa tsofaffin kuɗi yake adanawa cikin gwangwani, watau anini da ɗari da kwabo masu huji, da taro da sisi da sule, kuɗin zamanin fam wanda naira ta maye gurbinsa ran 1 ga Janairu, 1973. A da mai irin wannan sha'awa da ƙafarsa yake bin kasuwa, ko ya ba dillali cigiya. Ya ga kaya, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya taya, a sallama masa. Yanzu kasuwar ta ƙaura cikin wayar hannu, a Facebook da WhatsApp da kantunan intanet, mazambata kuwa sun riga masu saye kafa rumfa a can.

Ga yadda abin yakan auku. Mutum ya ci karo da hoton kwabo na 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila tun bai cika shekara guda ba. Mai talla ya rantse cewa irinsa bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma wani attajiri ya riga ya taya, saboda haka a hanzarta. Alhali kuwa an buga wannan kwabo da yawan gaske domin ƙasashen Afirka ta Yamma, masana tsofaffin kuɗi ba su ɗauke shi abu mai wuyar samu ba. Amma wanda ya yi shekara goma yana neman abu ɗaya, in ya hange shi, ba ya tsayawa tambaya. Wannan gaggawa ita ce jarin ɗan damfara. Sai ya aiko da adireshin wani shafi wanda aka yi wa kwalliya kamar na kanti, a ce mai saye ya shiga ya biya da katinsa.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Katin da galibin 'yan Nijeriya ke riƙewa, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa, ba katin bashi ba ne irin wanda ya yawaita a Amurka, inda kuɗin banki ke fita tukuna. Katin cire kuɗi ne, haɗe yake da ajiyar mai shi, in an taɓa shi albashi ko fansho aka taɓa. Tun da bankunan ƙasar nan suka koma kati mai ƙwayar lantarki wajen 2010, kwaikwayon katin kansa ya yi wuya, don haka ɓarawo bai damu da shi ba. Lambobi yake so: doguwar lambar da ke jikin katin, da watan da zai daina aiki, da lambobi ukun nan na bayansa. Saura ƙofa ɗaya, watau lambar da banki ke aikowa ta waya don a tabbatar da biya. Shi ya sa jim kaɗan sai a bugo waya, murya mai ladabi ta ce daga banki ne, an ga matsala a lambar BVN, a karanto lambar da ta shigo yanzu don a gyara. Babu bankin da ke bugo waya ya roƙi wannan lamba. Wanda ya karanta ta, da hannunsa ya zare sakata.

Maganin bai yi nisa da abin da kakanni suka sani ba. Ciniki tsakanin baƙo da baƙo sai da na tsakiya. In kayan a Kano yake ko Kaduna, a tura ɗan'uwa ya gani da idonsa kafin kwabo ya fita. La'adar da za a ba shi ba ta kai asarar ba. In nesa ta hana, a nemi mai kaya ya nuna shi kai tsaye ta bidiyo, ya juya gaba da baya. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan, mai hoton aro ne yakan ce wayarsa ta lalace. Bugu da ƙari, mai yawan sayayya ta intanet ya buɗe ajiya ta biyu da katinta dabam, ya riƙa zuba mata daidai kuɗin abin da zai saya. A kuma tuna, kuɗin da mutum ya tura da kansa zuwa ajiyar wanda bai sani ba sun fi wuyar dawowa.

In kuwa aikin gama ya gama, babban abokin gaba shi ne kunya. Dattijo yakan kwana biyu yana nauyin gaya wa 'ya'yansa cewa saboda anini aka kwashe masa fansho, kafin nan an rarraba kuɗin cikin ajiya barkatai. Abin yi shi ne a rufe katin nan take ta lambar gaggawa ta bankin, wadda ya kyautu a rubuta a ajiye tun kafin ranar. Sa'an nan a kai ƙara bankin a rubuce, a karɓi shaida. In an yi mako biyu ba a ji bayani ba, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare haƙƙin masu ajiya. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan zamba, hukumar EFCC kuma tana da ofis a garin Gombe. Mai zuwa can ya tafi da hotunan hirar da suka yi da mai tallan, da lambar wayarsa, da lambar ajiyar da kuɗin suka shiga, kada ya goge ko ɗaya don fushi.