Ranar da Na Tarar da Salansar Babur a Cikin Firizata

 Na san da kika ga kan maganar yau kin ce, “Yau kuma me ya haɗa mu da salansa, mu da muka saba zancen tarbiyya da girki?” Ki yi haƙuri ki biyo ni. Ni ma ban taɓa zaton zan zauna ina nazarin bututun hayaƙin babur ba, sai da ya biyo ni har cikin kicin.

Akwai wani tsohon babur a gidanmu, Yamaha DT 125, irin dogon nan mai tayoyi masu kaushi da malaman gona da ma'aikatan lafiya suke ratsa yashi da burji da shi zuwa ƙauyuka. Maigida ya yi shekaru yana aiki da shi, daga baya ya jingine shi a zaure. Babban yaron gidan, wanda ba na kama sunansa, shi ya tashe shi da ɗan abin da ya tara, ya zama ƙafarsa ta zuwa makaranta da gona. Ran nan a hanyar gona ya bugi dutse. Allah ya tsare bai ji ciwo ba, amma cikin salansar ya lotsa kamar an danna gwiwa a jikin bokitin ƙarfe.

Bayan kwana biyu na buɗe firiza da sassafe zan kwashe zoɓo da kunun aya da ake kai mini shago, sai warin baƙin mai ya daki hancina. Ga salansa kwance a kan ƙullin zoɓona, an cika ta da ruwa, an toshe bakunanta da katako da roba. Baƙin ruwa ya tsiyayo ya ɓata kusan rabin kayan. Ranar ko sisi ban yi ciniki ba.

Da na kira shi sai ya ce, “Umma, wallahi a waya na gani. Ƙanƙara ce take turo wurin ya dawo daidai. In wannan bai yi ba, akwai wata hanyar, ta iska da wuta.”

Zoɓon da na rasa bai tayar mini da hankali kamar wannan kalma ta “iska da wuta” ba. Nan take na kira ƙanena, wanda ya fi shekara ashirin yana gyaran babura. Abin da ya koya mini a wannan yammacin, da abin da na bincika daga baya, shi na kawo miki yau.

Me ya sa lotsawar take damun su haka?

Injin babur iri biyu ne. Akwai mai bugu huɗu, irin na yawancin 'yan acaɓa na yanzu, wanda baƙin mansa yake zaune a ƙasan inji. Akwai kuma mai bugu biyu, wanda yake ƙona baƙin mai tare da fetur, mai ƙarar nan mai tsini da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Kin san irinsa ko ba ki taɓa hawa babur ba, domin ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da mai danginsa ne, haka ma tsohuwar Vespa.

A irin wannan inji, salansa kusan rabin ƙarfinsa ce. Ki dubi siffarta: takan fito siririya daga inji, ta buɗe ta yi ciki kamar gora, ta sake tsukewa. Duk lokacin da wuta ta tashi a inji, hayaƙi yakan fito da ƙarfi ya bi bututun, ya bugi inda ya tsuke, ƙarfin ya dawo baya, kamar yadda muryarki take dawowa in kin yi magana a bakin rijiya. A tafiyarsa yana zuƙo ragowar hayaƙin da ke cikin inji, a dawowarsa kuma yana mayar da ɗanyen fetur da ya fara biyo hayaƙi waje. Haka yake yi sau dubbai a minti ɗaya. In kin taɓa buga shantu kin gane zancen: tsawonsa da faɗin cikinsa su ne muryarsa, da zarar siffa ta canza murya ta canza.

Wannan siffa ilimi ce da aka yi rigima a kanta. Wani injiniya a Jamus ta Gabas mai suna Walter Kaaden, na kamfanin MZ, shi ya ƙware wajen lissafinta a shekarun 1950. A 1961 ɗan tserensa Ernst Degner ya gudu daga ƙasar, ya koma kamfanin Suzuki na Jafan da abin da ya sani, a 1962 kuma ya ci musu gasar duniya ta ƙananan babura. Saboda haka in ɗanki ya zauna yana shafa salansar da ta mokaɗe kamar an yi masa mutuwa, kada ki ce shirme ne. Yana da hujja.

Sai dai ba kowace lotsawa ce take buƙatar gyara ba. Wadda take a tsakiyar cikin, marar zurfi, babu tsagewa, babur kuma yana tafiyarsa yadda ya saba, a ƙyale ta, muni ne kawai. Wadda ake gyarawa ita ce ta kusa da wuya, inda bututun yake fitowa daga inji, ko wadda ta matse hanya sosai, ko wadda ta tsage tana zubar da baƙin mai. Alamarta ita ce babur ya rasa ƙarfin hawa tudu, ƙararsa ta canza, ko ya riƙa zafi fiye da da.

Hanyar ƙanƙara

Wannan ita ce wadda ta cinye mini zoɓo. Gaskiya ne ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil take fashewa a firiza. Matsalar ita ce ƙanƙara ba ta da ido. Ba ta san inda ya lotsa ba, ko'ina take turawa, kuma inda ya fi rauni shi yake fara sakewa. Sau da yawa wurin nan shi ne ɗinkin walda. Tamu haka ta yi: lotsawar ta ɗan taso, amma ɗinkin gefe ya buɗe tsawon ɗan yatsa. Ga kuma ƙazantar da ke cikin bututun, tsohon mai da baƙin toka, wadda ba ta da haɗi da wurin ajiye abinci. Wannan hanya asarar dukiya ce, amma ba ta cika taɓa lafiya ba.

Hanyar iska da wuta

Nan ne nake so ki buɗe kunne. A bidiyon da yara suke kallo, akan toshe bakunan salansa biyu, a ɗura mata iska irin ta mai faci, sannan a gasa wurin da ya lotsa da wutar walda har ya yi ja. Ƙarfen ya yi laushi, iska ta turo shi waje. A waya abin gwanin ban sha'awa, minti biyu an gama. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne ranar da abin ya ƙi.

Ga lissafi mai sauƙi. In faɗin bakin bututun santimita 4 ne, aka ɗura iska daidai da ta tayar mota, wato wajen 30 a ma'aunin mai faci, ƙarfin da yake tura matoshin ya kai nauyin rabin buhun siminti. Wannan tun kafin a kunna wuta ke nan, kuma zafi yana ƙara wa iskar da aka kulle ƙarfi. Matoshin katako da aka ɗaure da robar taya in ya kuɓuce, fita yake yi kamar harsashi, kuma yawanci fuskar mai aikin ko ta ƙaninsa da ya tsuguna yana kallo ita ce a gaba.

Haɗari na biyu yana cikin bututun. Shekara da shekaru mai yana taruwa a ciki. An kulle shi, an ƙara masa iska, an sa masa wuta. Ba sai na faɗa miki abin da zai iya biyowa ba. Ƙarfen kuma siriri ne, a baburan tsere kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba, in wuta ta huda shi iska mai zafi ce za ta feso.

Na uku shi ne wanda ƙanena ya maimaita mini sau uku. Ya ce, “Yaya, ko da wasa kada a bari wani ya ɗura mata iskar tukunyar mai walda.” Wannan tukunya oksijin ce zalla, kuma in ta haɗu da mai a wuri kulle, tana iya tashi ko ba a kusanto da ashana ba. Yaron da bai sani ba gani yake iska duk iska ce.

Masu wannan aiki a matsayin sana'a sukan wanke cikin bututun tas, su ɗaure matosai na ƙarfe da noti da sarƙa, su sa ma'auni da abin rage iska, su rufe fuska, su kauce daga saitin bakunan. Duk da haka suna yi ne a kan tsoro. Yaro ɗan shekara sha bakwai a tsakar gida, da famfon keke da risho, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wannan shi ne ainihin garin neman gira a rasa ido.

Hanyoyin da suka fi aminci

Akwai masu turo lotsawar da ruwa maimakon iska. Akan cika bututun da ruwa har babu sauran iska a ciki, a matsa da famfon hannu irin na gwada bututun ruwa, ana ɗan bubbuga gefen wurin da ƙaramar guduma, babu wuta. Hikimar ita ce ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka ba ya tara fushi. In wani wuri ya sake, tsartuwa zai yi ƙarfin ya faɗi nan take. Ko a nan ma sai da tabarau, kuma aikin mai kayan aiki ne.

Wadda ta fi samuwa a garuruwanmu ita ce ta mai walda. Zai yanke wurin ko ya buɗe taga a bayansa, ya buge lotsawar daga ciki, ya mayar ya ɗinke. Wani kuma yakan liƙa ƙusa a tsakiyar lotsawar ya jawo ta waje, sannan ya yanke ƙusar ya goge. Sharaɗi biyu ne: a cire salansar daga jikin babur, nesa da tankin fetur, kuma bakunanta biyu su kasance a buɗe lokacin da wuta take kanta. Ba za ta fito sumul kamar sabuwa ba, tabo zai nuna, amma za ta yi aiki. In kuwa ta mokaɗe a wurare da yawa ko tsatsa ta cinye ta, sayen wata a wajen masu tsofaffin kaya ya fi sauƙi.

Abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye

Bayan gyara, ki duba da idonki ko an mayar da ƙarfen nan mai ramuka da yake rufe salansa ta gefen ƙafa. Yara sukan cire shi wai don gayu, masu gyara kuma sukan manta da shi. Mata nawa ne a cikinmu suke da tabon salansa a sha-raɓa? Yara nawa suka dafa ta bayan an kashe babur a zaure, tana nan da zafinta? In tsautsayi ya faru, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ƙwai, manja ko baƙin mai. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko ta yi fari ko baƙi, ko tana kan gaɓa, sai asibiti.

Yadda muka ƙare

Da farko niyyata in ƙwace makullin in ce kada in sake jin zancen babur a gidan nan. Ƙanena ya hana ni. Ya ce, “Yaya, in kin hana shi a gida, a bayan gari zai yi shi da abokansa, inda babu babba.” Na ga gaskiyarsa. Yaron da ya kwance salansa da hannunsa, ya yi tunanin ƙanƙara za ta iya tura ƙarfe, yana da kai. Jagora ya rasa.

Sai na zaunar da shi na ce ya nuna mini bidiyon, muka kalla tare. Na tambaye shi abu uku: me yake riƙe da matoshin nan? Me yake cikin bututun? In ya fashe, wa yake tsaye a gabansa? Ya yi shiru, can ya ce, “Umma, ban yi wannan tunanin ba.” Washegari kawunsa ya tafi da shi wajen mai walda, aka yanke, aka buge, aka ɗinke har da tsagar da ƙanƙara ta yi, yana tsaye yana miƙa kaya. Yanzu duk Asabar yana garejin kawun nasa. Kuɗin zoɓona kuwa yana biya kaɗan-kaɗan, ban yafe ko ƙulli ɗaya ba.

'Yar'uwa, wayar da kike karanta wannan rubutu da ita, irinta ce a hannun ɗanki, kuma tana koya masa abubuwan da ni da ke ba mu taɓa ji ba. Ba sai kin zama bakanike ba. In kin ji ya ambaci toshe wani abu a ɗura masa iska a sa masa wuta, ko salansa ce, ko tanki, ko tukunyar gas, ki tsayar da shi nan take, sannan ki nemo masa babban da ya san aikin.

Ke fa, wane abin mamaki kika taɓa tararwa a firizarki ko a tukunyarki da sunan gwaji? Ki ba mu labari a ƙasa mu ƙaru da juna. Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a hannuwansu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.