Lambar da ke Tsadar da Jakar Lakwal

Duk shekara in rantire ta matso, kuka ɗaya ne a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai: jakar lakwal ta yi tsada. Uwaye su zargi ɗan kasuwa, shi kuma ya ce ba laifinsa ba ne, duwan ne. Yau ina son mu duba mi ke cikin wannan "duwan ne".

Abin da ya sa na shiga binciken, wani yayana ne mai sayar da kayan lakwal. Bara ya yo odar jakunkunan goyo da rigunan littafi na yadi, wasu da zif da hannun riƙo, irin waɗanda ake sa Alƙur'ani ciki. Tiransiter ɗinsa ya rubuta ma rigunan wata lamba, a ofishin da kayan suka sauka aka ce ba ita ba ce. Kafin a daidaita, an yi mako biyu da buɗe lakwal, ga tara, ga kuɗin ajiya. Da na tambaye shi wace lamba ce ta gaskiya, sai ya ce: "Ƙanena, ni dai an ce in biya, na biya."

To, ga yadda abin yake. Kowace haja da ke ƙetare iyaka tana da lamba cikin wani kundi da Hukumar Duwan ta Duniya, mai mazauni a Burussel, ta fara aiki da shi a 1988. Alƙaluma shida na farko iri ɗaya ne ko'ina, daga Sin har Nijar, a yankinmu kuma ana cika su su kai goma. Littafin da aka buga yana ƙarƙashin 4901. Kaye da rigar littafi ta takarda suna 4820. Jakar lakwal, jakar goyo, akwatin tafiya da jakar hannu ta mata duk suna 4202, kuma a nan abin da ake dubawa shi ne da mi aka yi bayan jakar: fata, roba ko yadi. Rigar littafi ta yadi zalla tana faɗawa 6307, inda ake tara sauran ɗinke-ɗinken yadi da ba su da gida. Amma da zarar an sa mata zif, aljihu da hannun riƙo, ana iya cewa ta tashi daga riga ta zama gafaka, a mai da ita 4202. Nan ne yayana ya faɗa.

Lambar kuwa ita ke yanke kuɗin fito. Tun 2000 ƙasashen UEMOA suke da farashin duwan na bai ɗaya mai hawa huɗu: 0, 5, 10 da 20 cikin ɗari. A 2015 tsarin CEDEAO ya ƙaro hawa na biyar, 35 cikin ɗari. Littafi yana hawan sifiri, don an ɗauke shi cikin kayan da al'umma ba ta iya yi ba su. Jakar da yaro zai ɗauki littafin a ciki kuwa tana hawan 20, tare da jakar kwalliyar biki.

Mu yi lissafi da kuɗinmu. A ce jaka ta iso bakin duwan a jika ɗaya, wato dala 200. Fito dala 40, kuɗin ƙididdiga dala 2, sannan TVA ta 19 cikin ɗari ta hau kan jimlar, kusan dala 46. Dala 88 ke nan a kan dala 200, ban da ƙananan haraji na ƙungiyoyin yanki, ban da ladar tiransiter, ban da kuɗin mota, wanda ya ƙaru tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina. Uba mai ɗiya biyar a lakwal, sau biyar zai biya wannan.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Baitulmali na buƙatar kuɗi, balle a wannan lokaci, kuma duwan na cikin manyan ƙofofin shigarsu. Fito mai nauyi a kan jakar waje kariya ce ga telolinmu da dukawan Damagaram, ga mu da fatar jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani. Ni ma na fi son in ga yaro da jakar da aka ɗinka a unguwarsu. Sai dai telan nan shi ma yadi da zif da igiyar da yake aiki da su daga waje suke zuwa, kuma an biya masu fito. In da gaske kariya ake so, a fara sassauta masa a nan.

Don haka ga abubuwa uku da nake ganin ya kamata mu nema.

Na farko, a bayyana lambobi da kuɗin fiton kayan lakwal a fili kafin kowace rantire, a liƙa su a ofisoshin duwan, a karanta su a rediyo da Hausa da Zabarmanci. Ɗan kasuwar da bai san lambar hajarsa ba, duk abin da aka faɗa masa shi zai biya, kuma cikin irin wannan duhun ne cin hanci ke samun wurin zama.

Na biyu, a ba ɗan kasuwa hukunci a rubuce tun kafin kayansa su taso: ya kai samfur, a ce masa lambarka kaza ce, kuma takardar ta yi aiki a kowane ofishi. Wannan ba roƙo ba ne. Yana cikin sashe na 3 na yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci ta OMC, wadda Nijar ta amince da ita a 2015. Da yayana na da irin takardar nan, da kayansa ba su kwana ba.

Na uku, TVA. Hawan fito tare da sauran ƙasashen UEMOA ake tsayar da shi, ba mu kaɗai ke canza shi ba. Amma mahukuntanmu na iya duba yadda za a sauke ma jakar lakwal nauyin TVA cikin dokar kasafin kuɗi, ko da na watannin rantire ne kawai. Ƙasar da ta yafe ma littafi fito don ilimi, bai dace ta ɗauki jakar littafin a matsayin kayan ado ba.

Mu ma akwai namu. In kana da uba, yaya ko kawu mai odar kaya, ka zauna da shi ku buɗe takardar duwan ɗinsa, ka nemo masa lambar, ka karanta masa abin da ya biya layi bayan layi. Ƴan kasuwa da tiransitoci da ke bin shafin nan, ku faɗa mana abin da kuke gani wurin fiton kayan lakwal, ba tare da kama sunan kowa ba. Za mu tattara, mu miƙa ma waɗanda abin ya shafa kafin rantire mai zuwa.

Allah ya ba ɗiyanmu ilimi mai albarka, ya sauƙaƙa ma uwaye.