Kwata Ba Juji Ba Ce

Jama'a, akwai wata al'ada da mu ke gani a unguwanninmu na ƙetaren kogi, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, wadda mu ke so mu yi magana a kanta tun damina ba ta kankama ba. Kowace safiya uwargida ta kan share tsakar gida fes, ta tara sharar a kwando, ta ba yaro ya fitar. To, ina yaron nan ya ke kai ta? Kwata. An tsabtace gida ke nan, an aika wa maƙwabci na gangare da ƙazanta.

Da can abin da sauƙi, don sharar kakanninmu ganye ce da toka. Yanzu kuwa mafi yawanta leda ce, ita kuwa ba ta ruɓa. Sai ta toshe kwata, ruwan da ya kamata ya gangara Kogin Kaduna ya komo cikin ɗakuna. Ba mu ce leda ce ta cika kogi a ambaliyar 2003 da ta 2012 ba, amma wanda kwatarsa ta toshe, ruwan dare ɗaya ya ishe shi kuka. Sauran da ya kwanta kuma, cikin kwana goma ƙwan sauro ya zama sauro, zazzaɓi ya biyo baya.

Abin mamaki, maganin bai kai ɗaukar kwando wahala ba. Manoman kewayen Kano tun zamanin da su ke shiga birni da jakuna su kwashi juji a mangala, don sun san taki ne. Mu ma sai mu haƙa rami kamu biyu a kusurwar gida. Ɓawon doya, ganyen mangwaro, toka, kashin kaji da na awaki, duk a zuba ciki, a riƙa yayyafa ƙasa a kai don ƙuda. Bayan wata uku ko huɗu ya zama baƙar ƙasa mai laushi. A dasa zogale da yakuwa kusa, a karkata musu ruwan ɗauraya, ga ganyen miya ba ko kwabo. Gwangwani da tsohon ƙarfe da roba kuwa, ai 'yan jari-bola har ƙofa su ke zuwa saye. Ledar da ta rage kada a ƙone ta, hayaƙinta ya na cutar ƙirji. A tara ta a buhu a kai inda motar shara ke kwasa, uwargida kuma ta koma zuwa kasuwa da kwandonta.

Wani zai ce, “Ni a gidan haya na ke.” Gaskiyarsa. Tun da aka buɗe masaƙa a Kakuri a 1957 gidajen haya su ka yawaita, ɗaki goma tsakar gida ɗaya, ga daɓen siminti, kowa kuma na jiran wani ya fara. Amma tsohon bokiti mai huda ya na yin aikin rami, zogale kuma ya na tsira a buhu.

Dattawa su kan ba mu labarin duba-gari, yadda a ke rawar jiki a wanke randa in an hango shi, ya na ba da baya a saki. Irin wannan tsabta ta tsoron tara ba ita mu ke nema ba. Mu da za mu fita koyarwa, mun yi shawara kowa ya haƙa raminsa a bayan aji tun makon farko, ya bar yara su ɗebi takin da hannunsu su kai wa iyayensu mata.