Hanci Ba Mufti Ba Ne: Musulmi a Gidan Abincin Biyetnam

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ɗan'uwa mai karatu, abin da ya jawo wannan rubutu shi ne labarin wani ƙanena ɗan Rogo da fataucin tufafi ya kai shi birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam. Da ya dawo ya zo Karaye gaishe ni, ya ce: "Yaya, kwana shida na yi a kan burodi da ayaba, domin duk abincinsu wari yake, na tabbata haram ne. Ranar ta bakwai na ga wani romo mai kyau kamar romon kan sa, na sha kwano biyu." Na tambaye shi wa ya yanka san, da kuma ƙashin da aka dafa romon da shi. Ya yi shiru. Wato abin da ya gudar wa yawancinsa halal ne, abin da ya rungumo kuwa shi ne wurin tambaya.

Bari mu fara da warin. Tushensa wani ruwa ne da suke kira nuoc mam, wanda kusan babu girkin da ba ya shiga. Ƙananan kifayen teku ake jerawa da gishiri a cikin manyan gangunan katako, a bar su kimanin shekara guda suna tsumuwa, sannan a tace ruwan. Na tsibirin Phu Quoc shi ne ya fi suna. Asalinsa ke nan, kifi da gishiri. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin teku, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa ba ta bukatar yanka, kifi ce ko jatan lande ko ƙaguwa. Mu da muke cin kifin madatsar Challawa da ke nan Karaye ba mu taɓa tambayar masunci ko ya yi bisimilla ba. Sannan ina mamakin Bahaushen da ya tashi da daddawa a tukunyar gidansu yana toshe hanci saboda tsumammen kifi. A kai wa ɗan Hanoi ƙwallon daddawa, a kuma ajiye masa soyayyiyar fara da yaji, a ga yadda fuskarsa za ta koma.

Sunna ta riga ta raba tsakanin ƙyama da haramci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen damo, bai ci ba saboda ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, amma bai haramta shi ba, Khalid ɗan Walid (RA) ya ci a gabansa yana kallo. Kana da haƙƙin ka ce ranka bai karɓi abu ba. Cewa "haram" kuwa magana ce da kake jingina wa Allah, tana bukatar hujja.

Yanzu ga romon. Shahararren abincinsu shi ne pho, taliyar shinkafa a cikin romon ƙashin sa da aka dafa awanni masu yawa da gasasshiyar albasa da citta da kirfa da kanumfari, a kawo maka da ɗanyen ganye da lemun tsami. Ƙamshinsa kusa yake da namu, shi ya sa yake saurin sa mutum ya saki jiki. Amma san nan wani ne ya kashe shi. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta ba da rangwame a kan abincin Ahlul Kitabi, su kuwa mutanen Biyetnam mafi yawansu mabiya Buda ne ko addinin gargajiya ko marasa addini, Kiristocinsu tsiraru ne. Don haka hujjar da ɗalibinmu na Ingila yake kafawa, ko da mun karɓe ta a can, ba ta tafiya da shi zuwa Hanoi. Ƙari a kan haka, naman alade shi ne naman da aka fi ci a ƙasar, kuma yana ɓuya a inda ba a zato. Akwai wani romo na garin Hue mai suna bun bo Hue. Kalmar bo ma'anarta sa, amma bisa al'ada ana zuba masa ƙafar alade, wani lokaci har da daskararren jininsa. Burodinsu banh mi, gadon mulkin mallakar Faransa, akan shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade. Abincin da Barack Obama ya ci a wani ƙaramin shago na Hanoi a 2016, hotonsa ya zaga duniya, bun cha ne, gasasshen alade tsantsa.

To, sai a zauna a kan ayaba? Ra'ayina a'a, kuma a nan nake ganin laifin ƙanena ya fi yawa, domin kasala ce ya sa wa rigar tsantseni. A birnin da ya kwana bakwai akwai masallaci a titin Dong Du wanda Musulmin Indiya suka gina a 1935, kuma daura da kasuwar Ben Thanh akwai layin gidajen abincin halal da baƙi daga Malesiya suke cikawa. Ƙasar tana da nata Musulmi, 'yan ƙabilar Cham, musamman a yankin Chau Doc kusa da iyakar Kambodiya, suna dafa pho da naman yanka. Akwai kuma gidajen abinci masu alamar chay, na mabiya Buda, waɗanda ba a sa nama a girkinsu ko kaɗan. Mutumin da ya iya gano farashin yadi a harshen da ba nasa ba, ba zai kasa haddace kalmomi biyar ba: heo da lon alade ne, bo sa, ga kaza, ca kifi.

Wannan magana ba ta mai zuwa Biyetnam kaɗai ba ce. Ƙasar tana cikin manyan masu sayen ɗanyen kashu na Najeriya, hulɗa tana ƙaruwa, kuma ɗalibanmu a Malesiya da Turai abokan karatu suna gayyatarsu irin waɗannan wurare. Idan aka gayyace ka, ka je, ka yi tambaya cikin ladabi ba tare da ɗaure fuska ba: da wane ƙashi aka yi romon, da wane mai aka soya, an zuba giya a girkin? Hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani (RA) ya nuna cewa kwanon wanda ba Musulmi ba ana wanke shi a ci a ciki idan ba a sami wani ba, saboda haka ba cokali ne matsalar ba. Teburin da ake zagaya giya a kansa shi ne aka hana mumini zama, sai ka nemi a sauya wuri tun kafin a zauna.

Ƙanena zai koma bayan Sallah. Na rubuta masa kalmomin nan biyar da sunan titin masallacin a bayan katin shagonsa, ya kuma ce zai tafi da ƙullin yaji da kilishi na kwana biyun farko.

Wassalamu alaikum.